Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Amsa Ga Yaro Mai Alƙalami

Zuwa ga Edita,

 Ga ni yau na sake dawowa ɗan filin nan da ka saba ba ni kowane mako. Da ma na yi niyya in ƙarasa zancen tsadar taki wanda na faro makon jiya, amma sai wata magana ta faɗo mini wadda ba ta jira, domin akwai shanun wani dattijo a cikinta, in kuwa na yi nawa sai a kai su kasuwa tun ban buɗe baki ba.

Ga yadda abin ya ke. Ran Asabar da ta wuce, da la'asar sakaliya, ina zaune a zaure ina daidaita waɗansu takardun ofis, sai ga wani dattijo na garinmu ya yi sallama, ɗansa na biye da shi. Yaron ɗan shekara goma sha bakwai ne, yana ajin ƙarshe na makarantar sakandare, ya rungumo littattafan rubutu guda huɗu waɗanda duk bangonsu ya koɗe don yawan ɗauka. Ba zan faɗi sunansu ba, don ban nemi izninsu ba. Da muka gaisa, dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam Akawu, yaron ga ya ishe ni da magana. Ya ce akwai manyan makarantu ƙasar Turai da ka biɗar yara masu rubutu, kuma wani mutum can birni ya ce in an ba shi kuɗɗi shina shigar da shi. Ni kau ba ni da komi sai shanun huɗa biyu. In gaskiya ta, in sai da su. In ba gaskiya ta ba, ka hwaɗa mini."

Na ce, "Baba, a ba ni kwana uku in duba takardun yaron tukuna, kada kuma a taɓa shanun nan sai an ji daga gare ni."

Na karanta littattafan nan huɗu daga bango zuwa bango. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, yaron nan Allah ya ba shi. Akwai wani labari da ya rubuta na wata tsohuwa wadda ta ƙi gudu daren da ɓarayin daji suka shigo gari, don akuyarta tana naƙuda. Sau biyu na karanta shi, a na biyun sai da na ajiye littafin na yi shiru. Amma da na ce ya kawo mini takardar sakamakonsa ta makaranta, sai ya sunkuyar da kai. A Hausa da Turanci shi ne na ɗaya. A Lissafi da sauran fannoni kuwa, in aka faro kirga daga ƙasa ba a daɗewa a ke isowa kansa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Yaya, ai ni marubuci zan zama. An ce manyan jami'o'i baiwa su ke nema, ba haddar littafi ba."

To, da ya ke na tabbata ba shi kaɗai ne mai wannan zato ba, akwai irinsa a Mafara da Bakura da Maradun, har Kano da Zariya, shi ya sa na ga ya kyautu in ba shi amsa a bainar jama'a, don wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Amsar a dunƙule ita ce, jarrabawa ke buɗe ƙofar jami'a, alƙalami kuwa sai an shiga ya ke nuna amfaninsa. Yanzu bari in warware ta sannu a hankali.

Mu fara da na gida. Tun shekarar 1978 da aka kafa hukumar JAMB, yaron da ya gama sakandare ya ke son shiga jami'a a Nijeriya ta ƙofarta ya ke bi. Jarrabawarta ta fannoni huɗu ce, Turanci tilas, sauran ukun kuwa gwargwadon abin da mutum ya ke son ya karanta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, maki duka 400, tun 2015 kuma a kan kwamfuta a ke yin ta ɗungum. Ƙarƙashin kowace tambaya an jera amsoshi, ɗaya daidai, sauran tarko, naka dai ka zaɓa. Ku lura fa, babu inda za a ce wa yaro ya tsara ko da jimla guda. Da za a tashi marigayi Abubakar Imam a zaunar da shi gaban na'urar nan, ba ta da hanyar da za ta gane shi ne ya rubuta Ruwan Bagaja. Abin da ya latsa kaɗai za ta kirga masa.

Kada kuma a zaci abin wasa ne. A shekarar 2025 yara wajen miliyan biyu suka zauna, da aka fitar da sakamakon farko kuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, watau ba su ci ko rabi ba. Bayan wannan, sai an ga kiredit biyar a takardar WAEC ko ta NECO, jami'o'i da yawa kuma suna da nasu tankaɗe da rairaya kafin su kira sunan mutum. A takardar Turanci ta WAEC ne mai alƙalami ya ke samun ɗan fili, don akwai insha'i a cikinta, amma fanni guda ke nan cikin biyar.

Duk da haka akwai albishir ga yaranmu, wanda da yawa ba su sani ba. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Gwamnatin Tarayya ta kasa gurabe kashi uku. Cikin kowane gurbi 100, 45 na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina su ke, 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. Ashe ke nan yaron Gidan Goga da ya nemi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ƙofa uku gare shi, in ya kuskure wannan ya dace da waccan. Har wa yau turmutsitsin ya fi yawa a ƙofar likitanci da shari'a. Ƙofar harsuna da adabi da tarihi, inda marubuci ya ke nufa, ba ta kai su cunkoso ba. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, ga ta Jihar Zamfara a nan Talatar Mafara tun 2018, abin da kakanninmu ko a mafarki ba su gani ba.

To, sai mu haye teku, tun da can ne idon yaron ya ke. Ƙasashen nan kuwa ba hali ɗaya gare su ba, kada a haɗa su a ce Turai kawai.

A Ingila, jami'o'in da suka fi tsanani su ne Oksfod da Kambirij. Abu na farko da ya kamata yaro ya sani, takardar WAEC ita kaɗai ba ta isar su. Sai mutum ya ƙara da jarrabawar gaba da sakandare irin tasu, ko wata mai nauyinta, ya kuma ci ta da daraja ta ƙoli. Sa'an nan ya kai takardar nemansa kafin 15 ga Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatu. Mai neman adabin Turanci a Oksfod a kan ce ya aiko da wani abin da ya rubuta, nan ne yaronmu zai yi murna, amma ya dakata. Abin da su ke so shi ne insha'in da ya yi a makaranta yana feɗe littafin wani, malaminsa ya duba ya sa hannu. Ƙagaggen labari ba su karɓarsa a madadin wannan. In ya tsallake, sai malamai su zauna da shi su yi ta yi masa tambayoyi, sau da yawa a kan wani nassi da bai taɓa gani ba, don su ga yadda hankalinsa ya ke juyawa. Watau mai karatu su ke nema kafin marubuci. Kuɗin makaranta kuwa ga baƙo ya haura fam dubu 30 a shekara, ban da ci da kwana, tallafin da a ke ba baƙi masu digirin farko kuma ɗan kaɗan ne. Baba, ko garke aka sayar ba ya kai wa, balle shanu biyu.

A Amurka ne maganar yaron ta ke da ƙamshin gaskiya. Manyan jami'o'insu, irin su Harbad da Yel, ba maki kaɗai su ke dubawa ba. Su kan ce yaro ya rubuta labarin kansa cikin kalmomin da ba su wuce 650 ba, su nemi malamansa su rubuto shaida a kansa, su tambayi abin da ya ke yi in ya tashi daga makaranta. Lalle a nan mai alƙalami yana da abin nunawa. Amma kafin a kai ga insha'in nan, sai an shimfiɗa sakamakonsa na shekarun sakandare fanni fanni an duba. Ga kuma jarrabawar SAT, wadda Harbad ta ɗage wa masu nema a zamanin annobar korona, ta kuma mayar da ita ko makamanciyarta tilas a 2024. Makinta 1,600 ne, rabinsa cif na Lissafi. Ƙanena, ka ji inda abin da ka guda ya je ya tsaya yana jiranka.

Yanzu ga lissafin rabo. A shekarar 2024 mutum 54,008 suka nemi shiga Harbad, aka kira 1,937. Cikin kowane ɗari ba a cika huɗu ba. Waɗanda aka mayar kuwa ba ragwaye ba ne, da yawansu su ne zakarun makarantunsu, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, makaranta ba ta rufewa. Da ya ke masu maki na ƙoli sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, sai a koma ga insha'i da shaidar malamai don a fid da wani daga wani. Aikin rubutu ke nan a wurin, shi ne gishirin miya. Amma wa ya taɓa ɗora tukunya da gishiri kaɗai ya ce a zo a ci tuwo?

Gaskiya ne Harbad da waɗansu 'yan kaɗan irinta, in sun karɓi yaro, ko baƙo ne, su kan ɗauke masa nauyin da iyayensa ba za su iya ba, ko da ya ke kuɗin shekara ya haura dala dubu 80. To, a nan ne ƙaryar mutumin birni ta ƙare. Yaro da kansa ya ke cika takardun nan ta intanet, ɗan kuɗin neman ma a kan yafe wa maras hali in ya roƙa. Babu dillali tsakani, babu kuma kujerar sayarwa. A shekarar 2019 asiri ya tonu a Amurka na waɗansu attajirai da suka ba da toshiyar baki don a shigar da 'ya'yansu manyan jami'o'i, aka gurfanar da su, waɗansunsu har gidan kaso. In masu dala miliyan sun ƙare a haka, me mai karɓar kuɗin shanun huɗa zai iya? Bayan duk wannan ga maganar izinin shiga ƙasar. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da taƙaita ba 'yan Nijeriya biza, har da ta ɗalibai. Ƙofar gidan wani, ran da ya so ya buɗe, ran da ya so ya rufe, mai hankali ba ya jingina rayuwarsa duka a kanta.

Masu magana sun ce daga na gaba a ke gane zurfin ruwa, saboda haka mu duba yadda marubutan da suka riga mu suka haye.

A zamanin da, babu makarantar da ta kai Kwalejin Katsina wuyar shiga a ƙasar Arewa. An buɗe ta a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Daga kowane lardi 'yan yara ƙalilan a ke tsamowa, waɗanda suka fi a makarantunsu. Abubakar Imam ya shige ta a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. Gasar ƙaga labarai ta Hausa wadda Dokta East ya shirya kuwa sai a 1933 aka yi ta, lokacin su biyun sun riga sun gama sun zama malaman makaranta, ɗaya a Katsina, ɗaya a Bauchi. Daga gasar nan ne aka sami Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Ku dubi yadda abin ya jeru, karatu a gaba, littafi a baya. Da Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar Landan a 1945, a kan aikin malanta aka tura shi. Haka Sa'adu Zungur, wanda waƙoƙinsa har yau a ke nazarinsu, ƙoƙarinsa a aji ne ya kai shi Babbar Kwalejin Yaba a 1934, shi ne kuwa ɗan Arewa na farko da ya shige ta.

A Kudu ma haka. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, Chinua Achebe na cikin waɗanda suka shiga a shekarar. Jarrabawar shiga ya ci da kyau ƙwarai, har aka ba shi babban tallafi don ya karanta likitanci. Bayan shekara guda zuciyarsa ta rinjaye shi ya koma adabin Turanci da tarihi, tallafin nan ya kuɓuce masa, sai da dangi suka sa hannu. Littafinsa da duniya ta san shi da shi bai fito ba sai a 1958, shekara goma bayan shigarsa. Ashe uban marubutan Afirka na zamani ma ta ƙofar kimiyya ya shiga.

Chimamanda Adichie, wadda yaran yanzu suka fi sani, ta soma da likitanci da haɗa magunguna a Nsukka, sa'an nan ta tafi Amurka tana da shekara goma sha tara. Digirinta na farko a wata jami'ar jiha ta yi shi, wadda ba ta cikin masu babban suna. Littafinta na farko na ƙagaggen labari ya fito a 2003, digirinta na Yel kuwa sai a 2008. Ta isa inda yaronmu ya ke hange, amma hawa hawa. A nan Arewa, Abubakar Adam Ibrahim a Jami'ar Jos ya karanta aikin jarida, a 2016 kuma ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya, dala dubu 100. Ga kuma Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, amma a 2012 aka juya littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, masu digiri suna nazarinsa. Darasi biyu ke nan. Rubutu bai shigar da ko ɗayansu jami'a daga sakandare ba, rashin babbar jami'a kuma bai hana ko ɗayansu rubutu ba.

Kada a ce ina faɗin abin da ban ɗanɗana ba. Ni kaina abin ya ci ni. A wata makarantar mishan na yi karatu, inda aka hore mu da kyawun hannu da nahawun Turanci, har malaminmu ya kan ɗauki insha'ina ya karanta wa 'yan aji. Kaina ya kumbura. In an shiga darasin Lissafi sai in koma kujerar baya in yi ta tsara baitoci. Da sakamako ya fito na ci kome ban da shi, jami'ar da na nema kuwa a lokacin ba ta karɓar kowa sai da kiredit ɗinsa. Na sake zama, na sake faɗuwa. Kafin zama na uku mahaifina ya rasu, hidimar gida ta hau kaina, na kama aikin akawu. Ban raina aikina ba, da shi na ke ci da iyali, laifin kuma ba na kowa ba ne sai nawa. Abin dariya dai shi ne, yau tun safe har yamma ba abin da na ke yi sai tarawa da ɗebewa.

Wani zai ce ai yanzu an sassauta. Haka ne, a watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ce kiredit na Lissafi ba tilas ba ne ga mai neman fannin adabi da makamantansa, ko da ya ke tilas ne kowa ya zauna jarrabawarsa. Da a zamanina aka yi wannan, da watakila wani ne ke rubuta muku wasiƙar nan. Amma sassaucin bai shafi fannonin kimiyya da na zamantakewa ba, bai kuma haye teku ba. Yaron da ya yar da Lissafi yana da shekara goma sha bakwai ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa tun bai san wadda zai so ya bi ba.

Ba na kuma mance halin da yaran ƙasarmu su ke ciki. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A watan Agusta aka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗauke yara 73 daga makarantar Kaya, nan ƙasar Maradun, daga nan aka rufe makarantun jiha, aka kuma yanke layukan waya. Yaron da ya ratsa waɗannan shekaru ya fito yana iya tsara labari, lalle ya cancanci a jinjina masa. Amma na'urar jarrabawa ba ta san Kaya ba, ba ta san Jangebe ba, ba ta ƙara wa kowa maki don ya kwana a daji. Abin da aka rasa na karatu sai an zauna an rama shi. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gara ya ji ta daga bakin yayansa da ya ji ta ran da sakamako ya fito.

Saboda haka ga shawarata.

Ƙanena, da farko ka raba yininka. Safiya da hantsi na jarrabawa ne, dare kuwa naka ne da alƙalaminka, ba mai ƙwace maka. Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka yi ta bi, ka sami inda za ka taɓa kwamfuta tun yanzu don kada hannunka ya yi rawa ran zama, ka yanki lambar ɗan ƙasa da wuri don ba a rajista sai da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ka sa jami'ar da makinka zai iya kai wa a gaba, Sakkwato ko Gusau ko Mafara, ko Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya. In adabin Hausa ka ke so, ai malaman da suka yi zurfi a kansa suna Kano da Zariya da Sakkwato, Turawa ma nan su ke zuwa ɗaukar karatu.

Na uku, in zuciyarka ta nace sai ka gwada Amurka, gwada, mai nema yana tare da samu. Amma ka yi shi kamar mai jefa ƙugiya a Bakolori bayan ya gama noman gonarsa, in ta kamo alhamdu lillahi, in ba ta kamo ba akwai hatsi a rumbu. Ka rubuta insha'in da hannunka, kada ka saya, kada ka sa na'ura ta rubuta maka, kada kuma ka ƙara wa wahalar garinku gishiri don a ji tausayinka. Tsohuwar nan da akuyarta sun ishe ka. Kada dai ka saki reshe ka kama ganye.

Na huɗu, ka sani akwai hanya ta biyu, ita ce ma ta fi faɗi. Wanda ya gama digirin farko a gida da daraja mai kyau yana iya neman tallafin ƙaro ilmi a waje, irin na ƙasashe renon Ingila wanda aka kafa a 1959, ko na Chevening wanda aka faro a 1983. A lokacin nan kana da digiri a hannun dama, rubutunka a hannun hagu. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyar, kada ka daina rubutu, kada kuma ka daina karanta na waɗansu. Ka nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ka nuna wa manya aikinka su gyara maka. Ƙannenka mata masu irin baiwarka kuma ka gaya musu Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata gasar Hikayata tun 2016.

Ku kuma malaman makaranta, da ku na ke. In kun ga yaro mai baiwa ku yabe shi, amma ku haɗa yabon da gaskiya, kada ku bar shi ya zauna kujerar baya yadda aka bar ni na zauna da son raina. Ku adana sakamakon yara da kyau, don wata rana daga nesa za a aiko a tambaya. In kuma yaro ya roƙi takardar shaida, ku zauna ku rubuta abin da kuka sani game da shi, shi kansa, kada ku ba shi irin wadda a ke ba kowa a canja suna kawai.

Ran kwana na uku dattijo ya dawo da ɗansa, na gaya musu abin da na gaya muku. Na ce, "Baba, a bar shanu su yi huɗa. In lalle sai an sayar da wani abu, tunkiya guda ta isa kuɗin rajista da na mota zuwa wurin jarrabawa." Dattijo ya yi hamdala, ya yi ta sa albarka. Yaron kuwa bai ce uffan ba, na ga idonsa ya kawo ruwa, na san kuma a ransa yana ganin na rushe masa gini. Da za su tashi na miƙa masa littattafansa huɗu, na ɗora masa tsohon littafina na Lissafi a kai, wanda har yanzu rabin shafunansa ba su san hannu ba. Ya dube shi, ya dube ni, ya haɗa duka ya rungume ya fita. Ko zai buɗe shi, Allah ne masani.

Malamai da akawuna, wanda ya ga na kuskure a wani wuri, ko ya san wata hanya da za ta amfani yaron nan da irinsa, ya rubuto wa Edita mu ƙaru gaba ɗaya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai mu koma kan zancen taki. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu,
Gidan Goga, ƙasar Maradun.